Bangaskiya Ko Ayyuka: Da Me Ake Samun Ceto?

"Malam, barka da aiki. Ni mutumin Tawa ne, amma ina zaune a unguwar Bukoki a Yamai, inda nake sana'ar ɗinki. A majami'armu ana koya mana cewa ta wurin bangaskiya kaɗai ake samun ceto, kuma wanda ya samu ba zai ƙara rasa shi ba. Wan matata ɗan Katolika ne. Ya ce irin wannan koyarwa lalaci take sa wa mutane, ya buɗe mini wasiƙar Yaƙub inda aka ce bangaskiya marar ayyuka matacciya ce. Ni kuma na buɗe masa wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa sura 2, muka tashi ba wanda ya gamsu. Shin Bulus da Yaƙub sun saɓa wa juna ne? Kuma mutum yana iya sanin cewa ya sami ceto tun yana raye?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Tambayoyi biyu ka kawo: ta farko a kan matsayin ayyukan kirki a cikin ceto, ta biyu kuma a kan tabbaci. Ni malamin Littafi Mai Tsarki ne a ɓangaren ikkilisiyoyin bishara irin taku, saboda haka ka san daga inda nake magana, amma zan faɗi koyarwar Katolika yadda su da kansu suka rubuta ta, ba yadda ake ba da labarinta a bayan idonsu ba. A taƙaice, Bulus da Yaƙub ba su saɓa ba, kuma abin da ya raba majami'arku da ta wan matarka bai kai faɗin da kuke zato ba, ko da yake yana nan, bai ɓace ba.

Daga me ake ceton mutum?

Babban labarin ceto a Tsohon Alkawari shi ne fitar Isra'ilawa daga Masar, kuma abin lura a cikinsa shi ne jerin yadda abubuwa suka faru. A Fitowa sura 14 aka cece su daga hannun Masarawa a bakin teku, sai a sura 20 aka ba su Dokoki Goma, dokokin kuma suka fara da tunatarwa cewa Ubangiji ne ya fisshe su daga gidan bauta. Ba a ba su doka tun suna Masar aka ce in sun cika ta za a buɗe musu teku ba. An 'yantar da su tukuna, sa'an nan aka nuna musu yadda 'yantattu za su zauna. Wanda ya riƙe wannan jerin ya riga ya sami rabin amsar tambayarka ta farko.

Bayan wannan akwai Ranar Kafara a Littafin Firistoci sura 16, inda ake yanka bunsuru ɗaya saboda zunuban jama'a, a ɗora wa na biyu hannu a kore shi jeji. Akwai dokar sura 25 wadda ta ɗora wa ɗan'uwa na kusa nauyin fansar wanda talauci ya sa ya sayar da kansa. Akwai kuma Ishaya 53, mai maganar bawan Ubangiji da aka yi wa rauni saboda laifofin waɗansu. Sabon Alkawari ya ɗauki waɗannan duka ya bayyana mutuwar Yesu da tashinsa da su. Markus 10:45 ya kira ransa fansa saboda mutane da yawa. Romawa 3 ta yi magana da harshen shari'a, inda ake baratar da mai laifi kyauta, wato a ɗauke shi a matsayin mai adalci. Wasiƙa ta biyu zuwa ga Korintiyawa sura 5 ta yi maganar sulhu tsakanin Allah da duniya, Kolosiyawa 2:15 kuwa ta nuna gicciye a matsayin wurin da aka ƙwace makaman ikoki da mulkoki aka kunyata su a fili. Malaman ikkilisiya ma kowa da inda ya fi sa ƙarfi. Atanasiyus na Iskandariya, wanda ya rasu a 373, ya fi maganar nasara a kan mutuwa da sabunta halittar ɗan Adam, abin da ikkilisiyoyin Otodoks suke riƙe da shi har yau. Anselm na Kantabari, wajen shekarar 1098, ya bayyana zunubi a matsayin bashin girmamawa da mutum ya kasa biya, wanda sai mai zama Allah da mutum gaba ɗaya ne zai iya saukewa. Abelad, wanda ya rasu a 1142, ya fi duban yadda ƙaunar da aka nuna a gicciye take juya zuciya.

Na ga amfanin sanin wannan faɗin a wani ajin masu shirin baftisma a ƙasar Adar. Wani dattijo ya zo da ƙunshi a cikin tsohon buhu, ya kwance shi a kan tabarma: layu ne da guru da kambu, fatarsu ta yi baƙi saboda gumin shekaru. Bai tambaye ni yadda ake baratar da mai laifi ba. Cewa ya yi, "Malam, in na ƙone waɗannan, wa zai tsare ni da dare?" Da na fara masa da Romawa 3, da na amsa tambayar da bai yi ba. Kolosiyawa 2 muka karanta da ƙarshen Romawa 8, maganar zunubi da gafara kuma ta zo daga baya, daga bakinsa. Sai dai a nan ma akwai iyaka, domin masu wa'azin da suke mai da ceto lafiyar jiki da buɗin kasuwa kawai sun manta cewa daga kurkuku Bulus ya rubuta wa Filibiyawa, kuma sau uku ya roƙa a cire masa ƙaya daga jikinsa ba a cire ba.

Abu ɗaya ya rage kafin mu shiga gardamarku. Bulus yana maganar ceto a matsayin abin da ya riga ya faru a Afisawa 2:8, abin da yake kan faruwa a 1 Korintiyawa 1:18, da abin da ake jira a Romawa 13:11, inda ya ce cetonmu ya fi kusa yanzu fiye da lokacin da muka fara ba da gaskiya. Sau da yawa masu gardama biyu kowa lokaci dabam yake nufi, ba tare da sun lura ba.

Bulus da Yaƙub

Kowannensu da cutar da yake wa magani. Bulus yana fuskantar waɗanda suka ce ba za a karɓi wanda ba Bayahude ba sai an yi masa kaciya ya kuma bi Shari'ar Musa. Wannan rigima ce ta kai ga taron Urushalima a Ayyukan Manzanni sura 15, kuma kada ka manta cewa Yaƙub, wanda bisa ga al'adar ikkilisiya shi ne marubucin wasiƙar da wan matarka ya buɗe, shi ya yanke magana a taron cewa kada a ɗora wa al'ummai wannan nauyi. Saboda haka in Bulus ya ce a Romawa 3:28 ana baratar da mutum ta wurin bangaskiya ba tare da ayyukan Shari'a ba, maganarsa a kan ƙofar shiga ce, wato da me mai zunubi zai tsaya a gaban Allah a karɓe shi. Amsarsa ita ce ba da kome nasa ba.

Yaƙub kuwa yana magana da mutanen da suka riga suka shiga, suna cewa suna da bangaskiya, alhali attajiri suke ba wuri mai kyau a taro su ce wa matalauci ya tsaya can. Misalin da ya bayar a sura 2 kowa ya san irinsa: ɗan'uwa ba tufa ba abinci, ka sallame shi da fatan alheri, irin "Allah ya ba da haƙuri" da muke yi a bakin ƙofa, ba ka ba shi kome ba. Bangaskiyar da Yaƙub ya kira matacciya ita ce amincewar baki da ƙwaƙwalwa kawai, shi ya sa ya ce aljanu ma sun gaskata Allah ɗaya ne, har suna rawar jiki. Bulus bai taɓa cewa irin wannan tana ceto ba. A Galatiyawa 5:6, cikin wasiƙar da ya fi zafi a kan masu dogara ga Shari'a, ya ce abin da yake da amfani shi ne bangaskiya mai aiki ta wurin ƙauna.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne yadda su biyun suka kafa hujja da Ibrahim. Bulus a Romawa 4 ya tsaya a kan Farawa 15:6, daren da aka nuna wa Ibrahim taurari aka yi masa alkawarin zuriya, ya gaskata, aka lasafta masa wannan adalci, tun kafin kaciyar da ta zo a sura 17. Yaƙub ya tafi Farawa 22, ranar da Ibrahim ya ɗora Ishaku a kan bagade. Tsakanin wuraren biyu akwai fiye da shekara 14, domin a sura 15 ba a haifi Isma'ilu ba, wanda aka haifa Ibrahim yana da shekara 86, Ishaku kuma ya zo yana da 100, kuma a sura 22 yaron ya isa ɗaukar itace. Yaƙub da kansa ya kawo ayar Farawa 15:6 ya ce a wannan rana ta cika. Wato ɗaya yana maganar ranar da aka karɓi Ibrahim, ɗaya kuma ranar da aka ga irin bangaskiyar da aka karɓe shi da ita.

Da kun ci gaba da karatun Afisawa 2 aya ɗaya kacal, da gardamar ta ragu. Ayoyi 8 da 9 sun ce ceto kyautar Allah ce, ba ta ayyuka ba, kada kowa ya yi fahariya. Aya 10 kuwa ta ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin ayyuka nagari waɗanda Allah ya riga ya shirya mu yi. Kai ka tsaya a 9, shi kuma da ya sani da 10 zai buɗe maka.

Ka dubi gandu da damina. Ɗan ƙwadago da ɗan mai gona suna iya yin noma a kunya ɗaya, hauya iri ɗaya, zufa iri ɗaya, wanda ya hango su daga hanya ba zai bambance su ba. Da yamma ɗan ƙwadago zai miƙa hannu a biya shi, haƙƙinsa ne, ba kyauta ba, kamar yadda Romawa 4:4 ta faɗa. Ɗan gida kuwa ba noman ne ya mai da shi ɗa ba, kuma ba a lissafa masa tuwon dare da yawan kunyoyin da ya nome. Amma in ya kwanta a inuwa damina bayan damina yana cewa ai shi ɗa ne, dole a fara tambaya ko ya san gidan da yake ciki. Zakka mai karɓar haraji a Luka 19 haka ya yi: Yesu ya fara shiga gidansa, sa'an nan Zakka ya tashi ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, ya mayar wa wanda ya cuta ninki huɗu. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu a Luka 23 bai sami zarafin yin ko ɗaya ba, aka kuma yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Matiyu 25 kuwa, inda ake raba mutane bisa ga ciyar da mayunwaci da ziyarar ɗan kurkuku, tana nan a cikin littafinku kamar yadda take a na wan matarka.

Abin da ya raba ikkilisiyoyi a gaskiya

Gardamar ta girmi Katolika da Furotesta, kuma a nahiyarmu aka fara yanke ta. Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, ya yi jayayya da Felagiyus, wanda ya koyar cewa mutum yana da ikon cika umarnin Allah da nufinsa. Agustin ya yawaita kawo tambayar 1 Korintiyawa 4:7, wato me kake da shi wanda ba ba ka aka yi ba, taron shugabannin ikkilisiya na Kartaj, a Tunisiya ta yau, na shekarar 418 kuma ya ƙi koyarwar Felagiyus. Ɓangarorin biyu duka magadan wannan hukunci ne.

A 1517 Martin Luta, wanda daga gare shi Furotesta suka faro, ya tayar da magana a Jamus a kan sayar da takardun sassaucin hukuncin zunubi, daga nan rigimar ta kai ga tushen baratarwa. Gaskiya ne cewa a 1522 ya rage darajar wasiƙar Yaƙub, ya kwatanta ta da ciyawa in aka gwada ta da Romawa da Galatiyawa, kuma a ganina zafin gardama ne ya kai shi nan. Bai dai cire ta daga fassararsa ba. Amsar Katolika ta zo a babban taron shugabanninsu na birnin Tarent, a hukuncin 13 ga Janairu 1547. Mutanenmu da yawa za su yi mamaki in sun ji cewa wannan hukunci ya la'anci duk wanda ya ce mutum yana iya barata da ayyukansa ba tare da alherin Allah ta wurin Yesu Almasihu ba, ya kuma ce babu abin da ya gabaci baratarwa, ko bangaskiya ko ayyuka, da ya cancanci a biya shi da ita. Saboda haka faɗin cewa Katolika suna sayen ceto da ayyuka ƙage ne. Haka nan faɗin cewa Furotesta sun sallami ayyuka ƙage ne, domin Kalbin, wani babban malaminsu, a wannan shekarar ya amsa cewa bangaskiya kaɗai ce ke baratarwa, amma bangaskiyar da ke baratarwa ba ta zama ita kaɗai.

Ga inda gizo ke saƙa. A wurin Furotesta baratarwa hukunci ne da Allah ya yanke sau ɗaya, ya lasafta wa mai zunubi adalcin Almasihu, tsarkakewa kuma tana biyo baya a matsayin aiki dabam wanda ba ya ƙara wa hukuncin kome. A wurin Katolika baratarwa ta haɗa gafara da sabunta mutum daga ciki, tana farawa a baftisma, tana ƙaruwa yayin da mutum yake ba alheri haɗin kai, babban zunubi yana iya ɓatar da ita, ana kuma maido ta ta wurin tuba da furta zunubi a gaban fada, wato limamin Katolika. Ran 31 ga Oktoba 1999, a birnin Ogsbog na Jamus, wakilan Katolika da na Tarayyar Lutaran ta Duniya suka sa hannu a kan sanarwar cewa ta wurin alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, ba don cancantarmu ba, Allah yake karɓarmu, ya ba mu Ruhu Mai Tsarki mai kiranmu ga ayyuka nagari. Metodis sun shiga a 2006, ikkilisiyoyin Rifom, masu bin koyarwar Kalbin, kuma a 2017. Ba dukan Furotesta ne suka yarda da ita ba, ikkilisiyoyin bishara da yawa suna ganin an rufe bambancin da lafazi mai laushi. Ni dai ina tare da Furotesta a kan raba baratarwa da tsarkakewa, saboda in aka haɗa su, mai raunin zuciya yakan koma auna karɓuwarsa da ci gabansa, abin da Romawa 5:1 ta zo ta sauke masa. Amma ban ɗauki wan matarka a matsayin mai wata bishara dabam ba. Mu a Nijar rabuwar ta iso mana a shirye, ta hannun 'yan mishan na SIM, wata ƙungiyar bishara ta Furotesta, da suka sauka Damagaram a 1924 da limaman Katolika da suka kafa mishan a Yamai a 1931, kuma mabiya kaɗan ne daga kowane ɓangare suka taɓa karanta abin da ɗayan ya rubuta.

Maganar tabbaci

A nan Furotesta ma ba bakinsu ɗaya ba. Taron Dort a ƙasar Holan, daga 1618 zuwa 1619, ya tsaya a kan cewa waɗanda Allah ya zaɓa zai riƙe su har ƙarshe, suna kafa hujja da Yahaya 10:28-29, inda Yesu ya ce ba mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa, da Romawa 8:38-39. Mabiyan Arminiyus, malamin da taron ya ƙi koyarwarsa, da Jon Wesli, uban Metodis, bayansu, da ikkilisiyoyin Fentikos irin su Assemblies of God, suna cewa mai bi yana iya juya baya da kansa, suna nuna Ibraniyawa 6:4-6 da 10:26. Taron Tarent kuma ya ce ba mai iya sani da tabbacin da ba kuskure a cikinsa cewa yana cikin alheri, ko da yake kada kowa ya yi shakkar jinƙan Allah da isar aikin Almasihu.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne, koyarwar Dort ba ita ce abin da ake yawan faɗa a titi ba. Mutanen Dort sun ce wanda aka ceta zai nace cikin bangaskiya, in ya faɗi kuma za a tashe shi ya tuba. Ba su ce wanda ya ɗaga hannu a taron wa'azi shekarun baya ya sami takardar da za ta rufe duk abin da zai yi daga baya ba. In haka ake fahimtar maganar a majami'arku, to wan matarka yana da gaskiya a kan lalacin da ya ambata, Bulus ma ya riga shi a Romawa 6:1-2, Matiyu 7:21 kuma ta fi su duka tsanani. In ka duba da kyau, mutumin da ya bar bangaskiya ya mutu a haka, ɗan Dort zai ce tun farko ba ta yi saiwa ba, ɗan Wesli zai ce ta yi ta bushe, amma babu ɗayansu da zai ba shi tabbaci.

Ra'ayina shi ne mutum yana iya sani, domin 1 Yahaya 5:13 ta ce an rubuta wasiƙar ne don masu bi su san suna da rai madawwami. Amma wasiƙar nan ɗaya ce ta ba da alamomin da ake dubawa: amincewa da Yesu, kiyaye umarninsa, ƙaunar 'yan'uwa, da furta zunubi maimakon ɓoye shi. A aikin kiwon jama'a na tarar masu wannan tambaya iri biyu ne. Akwai wadda ba ta barci saboda wani laifi da ta riga ta tuba a kansa, ita Yahaya 10 nake karanta mata, in hana ta ƙara tono abin da aka binne. Akwai kuma wanda yake riƙe da kuɗin mutane, an zo ana bi yana cewa ai shi ceto nasa a rubuce yake, shi Ibraniyawa da Yaƙub suka dace da shi. In aka musanya ayoyin, ta farko za ta karaya, na biyu kuma ya ƙara taurin kai.

Iyakata a nan ita ce ba ni da ikon duba zuciyar kowa, taka ko tasa, kuma ayoyin gargaɗi na Ibraniyawa suna da nauyin da ba na yarda a share shi da bayani mai sauƙi, kamar yadda ba na yarda a share alkawarin Yahaya 10. Game da sakaramenti, wato ibadu irin su baftisma da jibin Ubangiji, da furta zunubi kuwa, fada ne ya fi cancanta ya bayyana muku yadda ake yinsu da abin da suke nufi a wurinsu. In kun sake zama da wan matarka, ku karanta Galatiyawa da Yaƙub daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya, surori 11 ne gaba ɗaya, kai ka karanta Yaƙub da murya, shi ya karanta Galatiyawa. Bayan haka ka tambayi fastonku yadda yake fahimtar Ibraniyawa 6, shi kuma ya tambayi fadansu yadda yake fahimtar Romawa 4:5, inda aka ce Allah yana baratar da marar tsoron Allah wanda bai yi aiki ba, ya dai gaskata.